KAFIN DA BA MAI GYARA: HAƊARIN RIƘON TSOHUWAR BABBAR MANHAJAR KWAMFUTA

Gabatarwa

Kafi tsohuwar kalma ce a Hausa. Ma'anarta ta asali ita ce shingen itatuwa da ake kakkafawa a kewaye gari ko ƙauye domin tsare shi daga mahara, musamman inda jama'a ba su da ƙarfin gina ganuwa ta ƙasa. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa, har ta kai ga asirin da akan binne a gida ko a gona domin kariya. Garuruwa da dama suna ɗauke da kalmar a cikin sunayensu, kamar Kafin Madaki a ƙasar Bauchi, da Kafin Maiyaki a ƙasar Kano, da kuma Kafin Hausa a nan ƙasar Haɗejiya.

Mutanen da sun san wani abu guda game da kafi, watau ba a gama shi. Itace ne, gara tana cinsa ta ƙasa, damina tana ruɓar da shi. Saboda haka tsaron gari bai dogara ga ranar da aka kafa itatuwan ba, ya dogara ne ga masu zagayawa suna dubawa, suna cire ruɓaɓɓe suna sa sabo. Ran da masu gyara suka janye hannu, kafin zai ci gaba da tsayawa, baƙo daga nesa zai hango shi cif, amma ɗan hari da ya matso kusa ya taɓa ya san abin da ya samu.

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan wani kafi na zamani wanda ake barin sa haka ba mai gyara, a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu, shi ne babbar manhajar kwamfuta wadda masu ita suka daina kula da ita.

Babbar Manhaja da Faci

Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi, ba ta iya kome sai da umarni, jerin umarnin nan kuwa shi ake kira manhaja. Manhajoji iri-iri ne: akwai ta rubutu, akwai ta lissafi, akwai ta shiga intanet. Amma dukkansu a kan wata guda suke zaune, wadda ita ce take tashi da farko in an kunna na'ura, ita take raba wa sauran aiki da wurin ajiya, ita kuma take yanke wa zai shiga, wa za a hana. Ita ce babbar manhaja. Matsayinta matsayin maigida ne a gida, sauran duk 'yan haya ne. Wadda ta fi yawa a kwamfutocin ofis da na makaranta a Nijeriya ita ce Windows, ta kamfanin Microsoft na Amurka.

Babbar manhaja rubutu ce, mutane suka rubuta ta, rubutun kuma mai tsawon gaske ne. An ƙiyasta cewa Windows XP, wadda ta fito cikin 2001, ta ƙunshi layin umarni kimanin miliyan 45. Duk wanda ya taɓa gyaran kundin ɗalibi mai shafi ɗari ya san ba a rasa kuskure a cikinsa, balle rubutu mai wannan yawa. Yawancin kurakuran ba su da wata illa. Amma kaɗan daga ciki ƙofa ce, wadda in wani ya gano ta yana iya aiko wa kwamfuta umarni daga wata uwa duniya ta kuma bi, ba tare da mai ita ya sani ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bambancin a nan shi ne tsagar tana nan tun ranar da aka gama ginin, jira kawai take a gan ta.

Masu neman tsagar nan kashi biyu ne. Akwai ma'aikatan kamfanin da masana masu bincike, waɗanda in sun gano sai su sanar a toshe. Akwai kuma masu kutse, waɗanda in sun gano sai su yi shiru su shiga. Abin da kamfani yake aikowa don toshewa shi ne faci, kalmar da Bahaushe ya riga ya sani wurin mai gyaran taya, ma'anar kuwa ba ta sauya ba. Tun 2003 Microsoft ya ɗauki al'adar fitar da facinsa ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wannan shi ne zagayen masu duba kafi.

To, amma kamfani ba ya yin wannan hidima har abada. Kowace babbar manhaja tana da wa'adi, galibi shekara goma. An daina yi wa Windows XP faci ran 8 ga Afrilu, 2014, bayan an yi ta ƙara mata lokaci saboda yawan masu amfani da ita. Windows 7, wadda ta fito cikin 2009, wa'adinta ya cika ran 14 ga Janairu, 2020. Windows 10 kuwa, wadda ta fito cikin 2015, nata ya cika ran 14 ga Oktoba, 2025.

Abin Da Ke Faruwa Bayan Wa'adi

A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, kuma ba laifinsu ba ne. Washegarin ranar da wa'adi ya cika, kwamfuta takan tashi kamar yadda ta saba, ta buga takarda, ta buɗe wasiƙa, ba hayaƙi ba ƙara. Sai mai ita ya ce ai lafiyarta lau, maganar wa'adi dabarar 'yan kasuwa ce don a sayi sabuwa. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a rabin maganarsa, za a kuma dawo kanta nan gaba. Amma lafiyar aiki daban, lafiyar tsaro daban. Ƙofar da kubarta ta lalace tana buɗuwa tana rufuwa kamar kowace ƙofa.

Abin da ya sa al'amarin ya wuce misalin kafi muni shi ne wannan. Sabuwar manhaja ba daga sama take faɗowa ba, a kan tsohuwar ake gina ta, kuma babban ɓangare na rubutun iri ɗaya ne, kamar yadda magini guda zai gina gidaje da yawa da zubi ɗaya. Idan aka gano tsaga a sabuwa aka fitar da faci, masu kutse sukan ɗauki facin su warware shi, su ga daidai wurin da aka toshe, sa'an nan su je su duba ko wannan wuri yana nan a tsohuwa. Sau da yawa yana nan, a buɗe, kuma ba mai zuwa ya toshe. Microsoft da kansa ya yi wannan gargaɗi cikin 2013, ya nuna cewa daga Yuli 2012 zuwa Yuli 2013 an fitar da sanarwar tsaro 45 da suka shafi Windows XP, 30 daga cikinsu kuma sun shafi Windows 7 da Windows 8. Ke nan duk Talatar da aka gyara gidan maƙwabci, an kwatanta wa ɓarawo hanyar shiga tsohon gida ne. Haɗarin ba tsaye yake wuri ɗaya ba, ƙaruwa yake wata bayan wata. Daɗin daɗawa, cikin Satumba 2020 asalin rubutun Windows XP ya fita a intanet, mai so ya karanta.

Sa'an nan 'yan haya ma sukan tashi in maigida ya tsufa. Manhajar shiga intanet ta Chrome, alal misali, ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 a farkon 2023. Manhajar shiga intanet kuwa ita ce ƙofar da ta fi kowace fuskantar titi. Wanda yake shiga asusunsa na banki ta tsohuwar Chrome a kan tsohuwar Windows, tsufa biyu ya haɗa.

Wani zai ce ai ya sa manhajar rigakafi. Tana da amfani, amma aikinta aikin maigadi ne wanda aka ba hotunan ɓarayin da aka sani. Yana iya kama wanda ya gane, ba ya iya gina bangon da ya faɗi.

Abin Da Ya Faru Cikin 2017

Misali mafi girma ya auku ranar Juma'a 12 ga Mayu, 2017. Akwai wata tsaga a hanyar da kwamfutocin Windows suke musayar fayiloli a tsakaninsu. Hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka ta san da ita, ta kuma ƙera makamin shiga ta wurin, ta ajiye don aikinta. Aka sace makamin, aka watsa shi a intanet cikin Afrilu 2017. Wata guda kafin haka, ran 14 ga Maris, Microsoft ya riga ya fitar da faci, amma ga manhajojin da wa'adinsu bai cika ba.

Sai wasu suka ɗauki makamin suka haɗa shi da manhajar neman fansa, wadda aka sani da WannaCry. Aikinta shi ne in ta shiga kwamfuta ta kulle duk fayilolin da ke ciki da wani makulli na lissafi, ta rubuta a allo cewa a biya dala 300, in an wuce kwana uku kuɗin ya ninka. Garkuwa ce sosai, sai dai da takardu ake yi ba da mutum ba. Abin da ya bambanta ta da na baya shi ne ba ta bukatar kowa ya danna kome. Da kanta take laluben wata kwamfutar mai irin wannan tsaga ta tsallaka. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe 150.

Inda abin ya fi taɓa rayuka shi ne asibitocin gwamnati na Ingila. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin abin ya shafa, aka soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar majiyyata zuwa wasu wurare, likitoci suka koma biro da takarda. Ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Wani saurayi Bature ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, shi ya dakatar da yaɗuwarta, da ya lura tana tuntuɓar wani adireshin intanet da ba mai shi, ya yi rajistarsa, ashe wannan ne makashinta. Daga baya, cikin Disamba, Amurka ta ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa, Ingila ma haka.

Wajibi ne a faɗi wani abu a nan, domin akan yi kuskure wajen ba da labarin. Mafi yawan kwamfutocin da WannaCry ta kama ba Windows XP ba ne, Windows 7 ne, wadda a lokacin wa'adinta bai cika ba. Facin yana nan wata biyu, masu su ne ba su sa ba. Wannan bai rage ƙarfin hujjar ba. Sakacin wata biyu ne ya jawo wannan ɓarna, alhali mai riƙe da manhajar da wa'adinta ya cika yana cikin irin wannan hali ne kullum, ko da shi ba mai sakaci ba ne, domin ba facin da zai sa. Gaskiya ne Microsoft ya karya ƙa'idarsa a lokacin ya yi wa XP facin gaggawa, ya sake yin haka cikin Mayu 2019. Amma alfarma ce, ba a kuwa tsara zama a kan alfarma.

Mako shida bayan WannaCry, ran 27 ga Yuni, wata mai suna NotPetya ta tashi daga Yukiren ta bi ta wannan tsaga. Ita ko an biya ba ta buɗewa. Ta durƙusar da Maersk, kamfanin jiragen ruwa na Denmak, wanda reshensa yake gudanar da tashar kwantena ta Apapa a Legas. Sai da kamfanin ya sake ɗora manhaja a kan kwamfuta 45,000, ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300. An ba da labarin cewa kundin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izininsu na shiga ya goge a duk ofisoshin kamfanin, in banda kwafi ɗaya a Gana, wanda ya tsira saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, na'urar tana kashe. Ta Nijeriya aka bi da shi a hannu zuwa Ingila. Ko ba kome, sau ɗaya dai ɗauke wuta ya yi rana.

Halin Da Ake Ciki a Gida

Mai sauraro yana iya cewa wannan labarin manya ne, wa zai baro bankunan Turai ya nemi kwamfutar wani shago a Kafin Hausa? Amsar ita ce ba mutum ne yake zaune yana zaɓa ba. Manhaja ce ake saki tana bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, tana taɓa kowace ƙofa, wadda ta buɗe ta shiga. Ba ta san Landan ba, ba ta san Bulangu ba.

Kuma abin sata yana nan. Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka rungumi kwamfuta da wuri, tun zamanin mulkin Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. Cikin 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Garin da ya sami jami'a kuwa dole ya sami shagunan buga takardu da cike fom da biyan kuɗin makaranta. A dubi abin da ke ratsa kwamfuta guda a irin wannan shago cikin mako ɗaya na rajista: hotunan ɗalibai, da lambobinsu na ɗan ƙasa, da lambobin banki, da kalmomin sirri, da kundin digiri wanda wani ya shekara yana rubutawa. Kowane ɗalibi kuma da filashinsa yake zuwa, ya soka, ya zare, ya kai wata kwamfutar. Mai shagon bai ajiye kuɗi a na'urar ba, amma amanar mutane ɗari tana ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da masu su.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani kan yadda sakacin mutum ɗaya yake shafar kowa. Kogin Haɗejiya, wanda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya wa hali, ciyawar kachala kuma ta toshe wa hanyoyi, ya yi ambaliya mai tsanani cikin 2020 da 2022, ya ci gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya da Kiri Kasamma da Guri. Duk wanda ya ɗauki buhun ƙasa a waɗannan shekaru ya san jinga ba ta da rabon wane da wane. In ta ɓalle a wuri ɗaya, ruwa ba ya tambayar wa ya yi aikinsa da kyau. Haka kwamfutocin ofis ɗaya suke in an haɗa su da waya ɗaya ko rediyon intanet ɗaya. Guda goma sha tara suna iya zama sababbi, ta ashirin tsohuwa ce a lungu wadda ba a taɓa ta sai don na'urar buga takarda, ta nan ruwan zai shigo.

To, me ya sa ake riƙe da su? Ba jahilci ba ne a mafi yawan lokaci, rashi ne. Yawancin kwamfutocin da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa suke saye na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a Turai da Amurka, suka biyo ta Ikeja suka iso kasuwannin Kano. Windows 11, wadda ta fito cikin 2021, ta zo da sharuɗɗa, ciki har da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar na'ura ta baya-bayan nan, har ya zama galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cancanta ba, ko da kuwa garau suke. A nan mai cewa dabarar 'yan kasuwa ce yana da abin faɗi. Na'urar da ofishin Turai ya fitar saboda ba ta ɗaukar Windows 11 ba juji za ta ba, jirgi za ta hau, arharta kuma ita za ta sayar da ita. Bayan wannan akwai kwafin Windows na sata wanda masu gyara sukan ɗora, sau da yawa su kashe masa hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu. Akwai kuma tsadar data da rashin wuta, waɗanda sukan sa mutum ya kashe sabuntawar da hannunsa, domin faci ɗaya yana iya cinye datar mako.

Abin Yi

Wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa, hawa Windows 11 daga Windows 10 ta halal kyauta ne, jinkirinsa ba shi da hujja. Ga mai Windows 10 da na'urarsa ta gaza, Microsoft ya sanar da ƙarin faci na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga mutum ɗaya-ɗaya da ya yi rajista, ma'aikatu kuwa zuwa 2028 a kan dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Wannan sayen lokaci ne kawai.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihun yawancin mutane, wadda kuma ba a cika ambatonta ba, ita ce a sauke Windows ɗin gaba ɗaya a ɗora Linux. Babbar manhaja ce ta kyauta, ba sata ba, tana kuma tafiya a kan tsofaffin na'urori. Nau'inta da aka fi sani, Ubuntu, wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fara fitar da shi cikin 2004, kuma kowace shekara biyu ana fitar da bugu mai facin shekara biyar kyauta. Rubutu da lissafi da shiga intanet duk tana yi. Wahalarta ita ce sabo, da ƙarancin masu gyara da suka iya ta, da wasu manhajoji da na'urorin buga takarda da ba sa jituwa da ita. Wannan giɓi ne wanda ɗaliban kimiyyar kwamfuta za su iya cikewa, su kuma ci abinci a ciki.

Akwai na'urar da ba yadda za a yi da ita, kamar wadda take tafiyar da wani injin ɗakin gwaji wanda manhajarsa ba ta san kowa ba sai XP. Irin wannan sai a killace ta: a cire ta daga intanet, a raba ta da sauran kwamfutocin ofis, a hana soka mata kowane filashi sai guda ɗaya da aka keɓe mata. Kada a buɗe asusun banki ko wasiƙa a kanta ko sau ɗaya.

Kowace hanya aka bi, a yi kwafin muhimman fayiloli a wani faifai na daban, a zare shi daga na'ura in an gama, domin manhajar fansa takan kulle duk abin da ta tarar a jone. A ƙasar da ruwa yake shiga ɗaki, a ajiye faifan a wani gini dabam, a wuri mai tudu. Shugaban ofis ko makaranta kuma ya sa a zagaya a rubuta kowace kwamfuta da ke ƙarƙashinsa, da babbar manhajar da ke kanta, da ranar da wa'adinta ya cika ko zai cika, a sa kuɗin sauya ta a kasafin shekarar da ta gabaci wannan rana.